Ganyen Mai Sola

Masu rubuta mini a ƙasan kashin da ya wuce cewa wai ba ni da zuciya, na gani, na kuma gode. Ina da ita, har aunawa an yi a wurin aikinmu aka ce tana bugawa lafiya lau. Abin da ba ni da shi gaggawa ce, a gidanmu kuwa gara a ce ba ka da zuciya da a ce ba ka da gaggawa.

Wanda yau ya fara biyo ni, ga ni a taƙaice. Ni ce 'yar fari, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, kuma ina kiwon kifi a tankin gilashi. Tankin yana korido, tsakanin falo da kicin, inda kowa sai ya bi ta gabansa. Tsawonsa ya kai in buɗe hannuwana biyu. A ciki akwai baƙar tsakuwa, da kututturen icce, da ƙananan kifaye masu zanen shuɗi a jiki, da jajayen jatan lande waɗanda ba su kai gaɓar yatsa ba. Abba, tun da ya yi ritaya gwiwa ta sa shi gaba, kujerarsa tana nan gaban tankin. Nan yake shan shayi, nan yake sauraron rediyo, nan yake gyangyaɗi ya ce tunani yake yi.

Kifin nan ne ya jawo mini Mai Sola. In aka ɗauke wuta, ɗan injin da ke tace ruwa yana ba su iska sai ya tsaya, ni kuma ina can wurin aiki hankalina yana gida. Sai na nemi wanda zai haɗa mini sola. Ya zo da tsani da jakar kayan aiki, ya tsaya a tsakar gida yana tambaya.

"Me za a ɗora a kai, ranki ya daɗe? Firij? Talabijin?"

"Kifi."

Ya ɗago ya dube ni, ya ga ba wasa nake yi ba, ya yi dariya har da riƙe tsani. Aikin dai ya yi shi tsaf, ban ga waya ko ɗaya tana lilo ba. Matsalar, bayan an gama aiki bai gama zuwa ba. Yau ya zo duba batir, jibi ya zo share allon solar da ke kan rufi, gata ya zo ya ga ko batirin da ya duba yana nan yadda ya bar shi. Batirin nan ya fi Abba ganin likita. Na ce a raina, kifi na ganinka, mai jar koma.

Ba zan yi masa ƙage ba. Dogo ne, farcensa a yanke duk da aikin ƙarfe, kuma in kina magana ba ya katse ki. Ya gyara wa Umma fankar ɗakinta, ya canza wa Abba soket ɗin da ke kusa da kujerarsa. Kafin in ankara Umma ta daina ce masa Mai Sola ta koma "yaron nan", wanda a bakinta ya fi kowane suna daraja. Da ya fito ya faɗi abin da ke kawo shi, na ce masa ya ba ni lokaci. Ya ce ya ba ni. Umma ce ba ta ba ni ba, ita da ƙanwarta, Anti, wadda gidanta yana layin bayanmu amma takalmanta sun fi sanin ƙofarmu.

"Lokacin me?" in ji Anti. "Jininsa za ki ɗiba ki auna? 'Ya'yana duk kin girme su, ga su can kowacce da goyo."

"Allah ya raya, Anti."

"Ji ta. Uwar kifi."

A haka muke, wata Lahadi da yamma ya yi sallama. Ya sa kaftani ruwan toka mai ɗan aiki a wuya, hularsa a karye gefe ɗaya, yana ƙamshin turaren da ba ya sawa in aiki ya zo. Ni doguwar riga ce a jikina ruwan ƙasa, da baƙin mayafi, ko hoda ban shafa ba. A hannunsa akwai leda mai ruwa a ciki, an ɗaure bakinta da jan kirtani mai sheƙi, irin na kyauta.

"Na ga mutane suna kai fure," ya ce. "Na ce ke furenki sai na cikin ruwa."

Tsirran tanki ne, iri biyu. Ɗaya mai faɗin ganye, kore shar. Ɗayan siriri ne mai laushi kamar gashin tsuntsu, wanda na daɗe ina nema ban samu ba. Ya ce a wani otal ya yi aiki, suna da kududdufin kifi a lambu, ya roƙi mai kula da wurin ya tsinko masa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Namijin da zai durƙusa bakin kududdufi yana roƙon ganye saboda ke, ai ya saurari abin da kike so. Na yi masa godiya sosai.

Ya miƙe yana naɗe hannun riga. "Mu je mu saka."

"Ba yau ba."

"Gobe?"

"Sai sun yi zaman roba."

A nan dole in tsaya in yi muku bayani, don duk rigimar a kansa take. Akwai wani ɗan dodon koɗi na ruwa, ƙarami, mai ruwan ƙasa. Ba a sayensa, ba a gayyatarsa, a jikin sabon ganye yake shigowa. Shi kansa in babba ne za ki gan shi ki cire. Ƙwansa ne masifa, ɗan ɗigo ne garai-garai kamar ƙaro, manne a bayan ganye, ruwan famfo ba ya cire shi. Kuma halittar nan ba ta jiran aure kafin ta cika gida, guda ɗaya ya isa. Na ga abin da ya yi wa tankin da ke ɗakin jira na asibitinmu: gilashi ya yi baƙi da su, injin ya toshe, a ƙarshe sai da aka kwashe komai aka zubar da tsakuwa aka faro daga farko. Akwai maganin da ke kashe su, amma shi ne kuma ke kashe jatan lande. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Tun daga lokacin na kafa doka, ganye ba ya shiga tankina daga leda.

Duk wannan na faɗa masa a falo, yana gyaɗa kai. Har tambaya ya yi, irin ta mai son ya gane. Ya ce, "To shi ke nan, Likita. Ke kika san aikinki."

Bayan ya tafi na kwashi ledar na yi barandar baya, inda famfo yake, gefen ƙofar banɗaki. Na baje ganyen a farin faranti, na kunna tocilar waya, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na yanke duk ganyen da ya tsufa, na wanke laka daga saiwa. A bayan masu faɗin na sami ƙwai wuri uku, na kankare da farce. Su dai da sauƙi, na jiƙa su a bokiti da ruwan alif, irin wanda ake sa wa ruwa ya kwanta, su yi 'yan kwanaki a ciki, in ɗauraye, su koma ruwa mai kyau. Siririn ne ba shi da wannan gatan. Alif mai ƙarfi narkar da shi yake yi, ido kuma ba ya iya bin kowane zare nasa. Maganinsa ɗaya ne, a sa shi a roba shi kaɗai inda haske ke samunsa, a bar shi 'yan makonni. Duk ƙwan da ke jiki zai ƙyanƙyashe, kullum da safe ki duba bangon robar ki tsince. Ranar da kika daɗe ba ki ga ko ɗaya ba, ya tsira.

Na san me wasunku za su rubuta. Za ku ce ai shi ma Mai Solar zaman roba na sa shi. Na riga ku gani, kuma ban ce ƙarya kuka yi ba.

Washegari Anti ta fito daga banɗaki ta yi tuntuɓe da bokitin. Ta leƙa, ta ga jan kirtanin a rataye jikin famfo, ta saki salati da ƙarfi har Umma ta fito da wuƙar yankan albasa a hannu.

"Yaya, zo ki ga abin kunya! Kyautar bawan Allah a bokitin ƙofar banɗaki!"

"Bokitina ne, Anti, ba a wanka da shi."

"Ko na zinare ne. Mutum ya ɗauro miki abu da kirtani, ke ki jiƙa shi kamar tsumma? In ya gani fa?"

"Ya sani. Na gaya masa."

Umma ba ta ɗaga murya, ita nata salon daban ne. Ta dubi bokitin, ta dube ni, ta ce a hankali, "Haka za ki yi ta jiƙa mutane har su gaji su tafi." Ta koma kicin. Na ji maganar, ta kuma zauna mini, amma ban cire ganye daga alif ba.

Shi kuwa kullum sai saƙonsa ya shigo, yawanci ina tsakiyar aiki, hannuna cikin safar roba.

Shi: Fursunonina suna lafiya?
Ni: Lafiya lau. Yau na tsinci jarirai biyu a robar siririn.
Shi: Kai! Na wanke su fa da hannuna kafin in kawo.
Ni: Wanki ba ya cire ƙwai.
Shi: Ba ki yarda da ni ba ke nan.
Ni: Ganye ne ban yarda da shi ba.
Shi: To Allah ya fito da su lafiya, ya fito da mu.

Na yi murmushi ni kaɗai gaban na'urar juya jini, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko albashi ne ya shigo.

Ana cikin haka ya ce Yayarsa tana so ta zo ta gaida Umma ranar Asabar. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, maganarta a wurinsa ba ta faɗuwa ƙasa. Gidanmu ya ɗauki zafi. Aka wanke labule, aka fito da kofunan da ke cikin kabad ɗin gilashi waɗanda tun ina yarinya ban ga an sha ruwa da su ba. Ranar Juma'a ya turo:

Shi: Na ba Yaya labarin ganyen. Tana so ta gan su a tanki.
Ni: Za ta gan su a roba. Masu faɗin sun kusa, siririn da saura.
Shi: Ko na yini ɗaya?
Ni: A'a. Yini ɗaya ya ishi dodon koɗi ya sauka a tanki.
Shi: To.

Ranar Asabar ina da aikin safe. Na fita na bar roba da bokiti a inda suke. Aiki ya riƙe ni, motar haya ta ƙara nata, ban iso gida ba sai da rana ta karkata. A ƙofa na ga takalma baƙi, masu tsini, an jera su daidai. Na lallaɓa ta baya na shiga ɗaki, na watsa ruwa, na sa leshi ruwan hoda da Umma ta goge ta shimfiɗa mini a gado don kada in yi gardama. Na yafa mayafi na fito.

Suna korido su duka, sun ba ni baya. Yayarsa doguwa ce kamarsa, da tabarau mai sarƙa, da zobe a kusan kowane yatsa. Kujerar Abba ba kowa, ya shiga ɗakinsa ya ba mata wuri. Na gaishe ta har ƙasa, na ɗago, sai idona ya faɗa kan tankin.

Ganyen suna ciki. Masu faɗin a gaba, gefen kututture. Siririn a baya, an jera shi layi, yana kaɗawa a ruwan da injin ke turowa. Kifayen suna ratsa shi suna fitowa. Ya yi kyau, wannan gaskiya ce. Na tsaya ina kallo.

Mai Sola ya juyo, fuskarsa kamar an ba yaro sabon keke.

"Likita! Ashe kin saka! Yaya, kin ga abin da nake gaya miki? Jiya fa ta ce mini da saura. Ashe so take ta shammace ni."

Yayarsa ta kama hannuna ta riƙe. "Ya ce ke ba kya karya doka ko don wa. Na ce masa mace in tana so, ita ke karya wa kanta. Allah ya yi miki albarka, ƙanwata."

Na dubi Umma. Umma tana murmushi har kunne, tana gyara ɗaurin kallabi, ta ƙi haɗa ido da ni. Anti tana bayanta tana gyaɗa kai. Na ce a raina, shi ke nan, sun yi aikinsu. A gaban baƙuwa ba zan ce uwata ta shiga kayana ba da izinina ba. Na ce "amin", na je na ɗauko tire.

Sun daɗe. An sha lemo, an ci biskit, an yi hirar tsadar kaya da ciwon baya. Ni ina zaune a gefen kujera ina lissafin abin da ke sauka daga ganye zuwa tsakuwa. Sai gab da faɗuwar rana suka tafi. Ko mayafi ban cire ba na naɗe hannun leshi na tura hannu cikin ruwa na fara tumɓuke su. Umma ta zo wucewa da kofuna ta tsaya.

"Cirewa kuma za ki yi?"

"Eh, Umma."

"Allah ya shirye ki."

"Amin."

Iyakar abin da muka ce ke nan. Ban tuhume ta ba, ita ma ba ta ƙara ba. Muka shiga irin zaman nan na gaisuwa da "an gama abinci", kowa yana ganin shi aka yi wa laifi. Shi ma ban gaya masa ba ni na saka ba. Na ce masa dai na mayar da su roba su ƙarasa, ya ce, "Ke da dokarki." Ban ga amfanin tona wa Umma asiri a wurin wanda take so ya zama surukinta ba.

Yanzu ga abin da masu cewa ba ni da zuciya suke jira. Fuskar nan tasa a korido ta ƙi barina. Ina ɗiban jini ina ganinta, ina cikin mota ina ganinta. Na ce mutumin da ɗan ganye a ruwa zai sa shi farin ciki haka, mutumin da na ce masa "da saura" ya ce "to" bai ƙara ba, me kuma nake nema? Na so shi. Ba zan sa wa abin wani suna ba. Na fara ajiye wayata kusa da ni ina jiran ta yi ƙara, na sayi turaren da ya taɓa cewa yana so. Da Abba ya kira ni ya ce kawun yaron ya yi masa waya, suna so a ba su rana su zo, ban ce a ba ni lokaci ba. Na ce, "Abba, in ya sake kira ka ba su." Abba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Uwata, kin tabbata?" Na ce na tabbata. Umma ta ji labari, a ranar har ɗaki ta kawo mini shayi.

Su kuwa mutanen nawa suna can suna aikinsu a cikin tsakuwa. Wata safiya ina ba kifi abinci na ga ɗigo a jikin gilashi, bai fi ƙwayar riɗi ba, yana tafiya. Na murƙushe shi da yatsa. Bayan 'yan kwanaki na ga biyar, daga nan na daina ƙirgawa. Na koma dabarar da kowa ke komawa in aikin gama ya gama: in yanka kokwamba in nutsar da ita da cokali, su taru a kai, in ɗauke in zubar. Ba ya ƙarar da su, rage su kawai yake yi. Na san inda abin zai kai ni, wata rana sai na kwashe komai, na rasa rabin jatan landen da ke ɓuya a tsakuwa.

Ranar da ba ni da aiki, da hantsi, ina durƙushe gaban tanki da faranti ina tsince su. Abba yana kujerarsa, rediyo a cinya, an rage murya.

"Waɗannan baƙin daga ina?" ya ce.

"Daga ganyen nan ne, Abba. Umma ce ta ja mini. Da ta bar su a roba da duk haka ba ta faru ba."

"Wace Umman?"

"Umma dai. Ranar da Yayarsa ta zo."

Abba ya kashe rediyon gaba ɗaya.

"Ummanku da ko kifin miya ba ta son taɓawa da rai? Ai ranar tun safe suka tafi kasuwa ita da ƙanwarta, ni kaɗai ne a gidan. Yaron nan ne ya zo duba batir. Ya zagaya baya ya ɗauko su, ya cire agogo ya ba ni na riƙe masa, ya sa hannu har kafaɗa."

Na ajiye farantin a ƙasa don kada ya faɗi.

"Ba ka hana shi ba, Abba?"

"Na tambaye shi. Na ce, mai tankin ta sani? Don na san halinki. Ya ce, 'Eh Abba, ita ta ce in zo in saka kafin Yaya ta iso.' Ya gama ya goge gilashin da hankicinsa ya tafi. Da Ummanku ta dawo ta gani, murna ta yi ta yi, ta ɗauka ke kika saka kafin ki fita." Ya juyo ya dube ni. "Ba ke kika ce ba?"

"Ba ni ba ce."

Ban yi kuka ba, in kuna jiran wannan. Abin da na ji sanyi ne, da kunyar Umma, wadda na yi ta gaisarwa a daƙile kan abin da ba ta san hawa ba balle sauka. Sai kuma fuskar nan ta dawo mini, ta korido, da "ashe kin saka", da yadda ya juyo da dukkan jikinsa. A kan fuskar nan na ce wa Abba na tabbata.

Duk da haka aikina ya koya mini ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Mutum yana iya ruɗewa don son ya burge Yayarsa, ya yi wauta, kunya ta hana shi faɗa. In aka buɗe masa ƙofa zai iya shigowa ya ce, ni ne, ki yi haƙuri. Da ya faɗi haka, wallahi da na yi fushin 'yan kwanaki na huce, ya zo ya taya ni wanke tsakuwa. Na goge hannuna a zani, na ɗauki hoton kokwambar da suka yi wa baƙi, na tura masa.

Ni: Dodon koɗi ya cika tanki. Daga ganyen nan ne, ranar da aka saka su.

Da gangan na rubuta "aka". Na ga ya buɗe. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Na zauna a ƙasa na jingina da bango, ina roƙon Allah a raina, ni da ban saba roƙo a kan namiji ba.

Saƙon ya shigo.

Shi: Subhanallah! Ayya Likita. Ai da kin bi dokarki kin bar su a roba har su gama. Amma ba komai, so ne ya sa ki gaggawa, na yafe miki.

Da ɗan hoton fuska mai dariya a ƙarshe.

Na karanta sau ɗaya, ya ishe ni. Abba ya miƙo hannu, na ba shi wayar. Ya gyara tabarau, ya nisanta ta da fuskarsa yadda yake yi, leɓensa yana motsi. Ya daɗe a kai fiye da tsawon saƙon. Ya miƙo mini.

"Da idona na gan shi," ya ce. "Agogonsa yana hannuna."

Daga kicin ana jin ƙarar murfin tukunya da muryar Umma tana waya da Anti, suna shawarar ko a canza kafet ɗin falo kafin baƙi su zo. Ta gama, ta leƙo korido da ludayi a hannu za ta tambaye ni wani abu, daidai lokacin da wayar Abba ta fara ruri a aljihunsa. Ya ciro ya duba, ya juyo mini da ita. Kawun Mai Sola ne.

"Alhaji ɗauka mana!" in ji Umma, fuskarta ta washe. "Ka ce musu ƙarshen wata ya yi."

Abba bai dube ta ba. Yatsansa yana saman wayar.

"Uwata, ɗauka zan yi. Me zan ce?"

"Ka ce masa a'a, Abba."

"A ƙara musu lokaci?"

"Ba lokaci ba. A'a."

Umma ta dube ni, ta dubi farantin da ke ƙasa, ta dubi tankin. Miya tana ɗiga daga ludayin zuwa kan tayil ba ta sani ba.

"Saboda dodon koɗi?" ta ce. Muryarta ta yi ƙasa sosai. "'Yar nan, saboda dodon koɗi za ki kori mutum?"

Na buɗe baki zan yi mata bayani, Abba ya ɗaga mini hannu. Ya danna wayar, ya kai kunne, ya gyara zama a kujerarsa.

"Wa alaikumus salam, Alhaji. Lafiya lau. A'a, kada ku wahalar da kanku da zuwa. Amma yaron naku yana kusa? Ba shi wayar, tambaya ɗaya zan sake yi masa."